Tukunyar da Ba Ta da Murhu

Ni mai walda ne a Dadin Kowa.
Ƙofa nake yi, da taga, da ƙafar baro.
Ran da Hajjo 'yar Bappa Tukur ta shigo rumfata
da takarda a naɗe, da tsohon faifan dish a ka,
na ɗauka gyara ta kawo.

Ta ce, "Baba Jibo, tukunya nake so,
ba murhu, ba gawayi, ba itace."
Na ce, "Ko karatun Kashere ne ya yi miki yawa?
Wa ya taɓa dafa ko ƙwai babu wuta?"
Ta ɗaga biro ta nuna sama:
"Ga wutar can. Tara ta kawai za mu yi."

Kwana tara muna yankan madubi.
Ɗari uku da goma sha biyu, na ƙirga,
kowanne bai wuce kwalin ashana ba.
Muka lilliƙa su a cikin faifan
har ya koma kamar jikin karfasa.
In ka leƙa, fuskarka ɗari uku ce za ta leƙo ka,
duk da baki buɗe.

Tukunya baƙa, murfi mai wuyan tulu,
bututun jan ƙarfe na mataccen firji,
na naɗe shi kamar igiyar guga
na nutsa shi a randar ruwan sanyi.

Ranar farko hadari ya taso daga wajen dam,
'yan kallo suka watse suna dariya.
Rana ta biyu ruwa ya ƙafe, ganye ya babbake,
unguwa ta ɗauki ƙauri har masallaci.
Hajjo ta zauna a kan bulo.
Ba ta yi kuka ba. Wani abu ta rubuta a littafinta.

Ran Laraba, ganyen turare buhu guda.
Da hantsi haske ya dunƙule a gindin tukunya,
fari fat, ba harshe, ba hayaƙi.
Na miƙa hannu in gyara ƙusa,
sai hannun rigata ya huje.

Ruwa ya soma gunaguni.
Tururi ya ratsa ganye
ya kwaso abin da ganyen ya ɓoye tun yana toho,
ya gudu da shi cikin bututu,
sanyi ya tare shi a kwana,
ya sauko.

Ɗis.

Muka jira.

Ɗis. Ɗis.

A cikin kwalba, a bisa ruwan,
ga mai yana iyo, siriri kamar farce.
Kafin la'asar, buhu guda
ya koma 'yar kwalbar da ba ta kai babban yatsana ba.
Na ce, "Duk wahalar nan?"
Ta ɗiga ɗaya a hankicina.
Hancin da hayaƙin walda ya toshe shekara ashirin
ya ji daji guda ya shigo ta ƙofa ɗaya.

Yanzu mata kan zo da ɗoɗɗoya a kwando,
da saiwar jema, da kajiji,
Dudu mai lemo tana tara mana ɓawo.
Hajjo na manna wa kowace kwalba suna da kwanan wata.
In an ce, "Maganin me?"
sai ta ce, "Bari a gwada tukuna."
Wasu kan tafi da fushi. Takan bar su.

Ni aikina kiwon rana.
In ta gusa, in gusa da faifan,
taku kaɗan, taku kaɗan, har inuwa ta tsawaita.
Da damina mukan yi zaman jira,
ba a yi wa gajimare ciniki.

Jiya matata ta shafa gindin tukunyar
ta duba yatsanta, babu baƙi.
Ta daɗe tana kallon tulin itacenta.
Sannan ta ce in kawo rigar nan ta ɗinke hujin.

Na ce a bar shi.