Shayi Ya Huce

A Rize, inda ruwan sama ba ya sallama kafin ya shigo,
gonakin shayi sun hau duwatsu hawa-hawa,
gidanmu na katako yana fuskantar Bahar Aswad.
Kakata Nezahat ba mai yawan magana ba ce.
Kalmomi uku ta riƙe aure da su shekara hamsin:
"Shayi ya huce."

In ta faɗa tana duban agogon bango,
kakana Hamdi ya san ya daɗe wurin hira da masunta,
sai ya tuɓe takalmi sannu-sannu
kamar mai tsoron taka ƙwai.

In ta ja "huce" ɗin, ta lanƙwasa masa wutsiya,
tana share hannu da gefen riga,
to zuciyar ce ta huce, an yafe masa.
Ya zauna, ya jefa sukari biyu,
cokali ya yi ta ƙara
cikin ɗan kofin gilashi mai siririn ƙugu.

Akwai ranar da dillalin ganye ya zo,
ya taya wahalar shekara guda
da kuɗin da ko gishiri ba za su saya ba.
Ta dube shi da murmushi,
ta faɗe su a gajarce, kamar an datse zare da haƙori.
Kofinsa kuwa tururi yake yi.
Bai ƙara kurɓa ba, ya laluba hularsa.

Na je Ankara na karanta nahawu,
na feɗe jimlar a kan allo:
ga suna, ga aikatau, ga lokaci.
Malam ya ba ni maki cikakke.
Sai dai takardar ba ta da gurbin
numfashin da take ja kafin ta buɗe baki,
balle girar hagu da ke ɗagawa ita kaɗai.

Bara, a tsinkar ganye ta uku, muka binne Hamdi.
Da magariba ta zuba kofi biyu, hannu ya riga ya saba.
Ruwa yana ta dukan rufi.
Ta daɗe tana kallon kujerar da ke bakin taga,
sannan kalmomin nan uku suka fito
daga can ƙasan maƙoshi.

Na zabura zan mai da buta kan wuta.
Ta kama ni a wuyan hannu.
"Zauna, Fikriye," in ji ta,
"ba da ke nake ba."