Awon Ƙafa

Kwana goma sha ɗaya takardar tana rumfata,
ƙarƙashin fatar akuya, kusa da basilla,
har ta ɗauki warin jima.
Zuwera ta aiko ta cikin leda, da sabon bik,
kamar rashin abin rubutu ne ya hana ni.

Faransanci ne. Mushe Attahiru na lakwal ya karanta mini
sau biyu, yana sassauta murya wajen sunayen:
ni, Asumane, baduku a Bilbis, cikin Tawa,
na yarda Shafa'atu da Kasum
su bar ƙasa tare da uwarsu.
Layi huɗu ke nan.
Wadda ta raba mu, uku ce.

Kanada, in ji ta. Wani asibiti na neman ungozoma.
Shekara goma sha shida tana tarbar ɗiyan mutane,
da tocila a baki in an ɗauke wuta.
Ba zan ce ba ta isa ba.
Na dai tambayi Mushe: kwana nawa ne a mota?
Ya yi dariya, ya ga fuskata, ya daina.

Wana ya ce kada in sa.
"Ɗiya naka ne, kowa ya sani.
Riƙe takarda, ka riƙe su."
Na ji daɗin maganar har la'asar.
Da dare sai Abijan ta zo ta zauna bakin tabarmata:
shekara bakwai ina tura amalanke a Ajame,
Kasum ya yi haƙori, ya yi tafiya, ya yi kaciya,
ni kuwa murya ce cikin salula, ranar Juma'a,
ba ma kowace Juma'a ba.
Wa ya kawo wa Zuwera takarda ta sa hannu
ranar da na hau kar a tasha?
Ƙullin ƙanzo ta miƙo mini
da jikka biyar na adashenta.

Jiya ta zo da kanta.
Ba ta shigo ba, inuwar bedi ta tsaya.
"Litinin za mu Yamai. Ambasad ba ta jiran kowa."
Na ce, hutun damina fa?
"Jirgi ba kabu-kabu ba ne. Sai bayan shekara biyu, in Allah ya so."
Na ce, kada Hausa ta zube musu a hanya.
"Da me zan yi musu faɗa, in ba da ita ba?"
Na ce, to, waya, kowace Juma'a.
Ta daɗe tana dubana. Ta san alkawarin, daga bakina ta fara jin shi.
"Kowace Juma'a," ta ce. "Ni ba na mantuwa."

Na kira yaran, na shimfiɗa kwali.
Kasum ya taka, yana dariyar cakulkulin fensir.
Shafa'atu ta ce, "Baba, can ƙanƙara ce,
ba a sa irin namu."
Na ce, taka dai.
Babban yatsanta ya karkata hagu, irin na tsohuwata.
Ban taɓa lura ba.

A meri, mai teburi ya karɓi kuɗin tambur,
ya tambaya ba tare da ya ɗago kai ba:
"An tilasta ka?"
Na ce a'a.
Na zana alamar da nake bugawa a dugadugan takalmi,
ita kaɗai hannuna ya iya ba rawa.
Ya buga hatimi. Ƙarar ba ta kai ta gudumata ba.

Yanzu kwalin yana rataye a ƙusa,
ƙafa huɗu, babu mai su.
Na jiƙa jar fata, na wasa wuƙa,
zan yanka na ranar dawowa.
Sai a ƙara yatsa nawa?
Shekara ashirin da wani abu ina wannan sana'a,
na auna ƙafar rabin garin nan,
amma yadda ƙafar ɗana ke girma cikin shekara biyu,
ban sani ba.
Wancan karon ma ba na nan.