Kainuwar Ikko

Kacala ce ta kore ni daga Nguru,
ta shaƙe kogin da ubana ya yi su.
Na naɗe koma, na bi motar shanu,
na ce Ikko teku gare ta, ba ta toshewa.

Sai ga ni Ikorodu, bakin tashar jirage,
ruwa kore shar kamar fadama,
har da fure shuɗi, abin ban sha'awa.

Iya Risikatu mai ƙyafe kifi
ta ce su gbeborun suke ce mata, magulmaciya:
ba gayyata, ba sallama,
inda duk aka taru tana nan tana leƙowa.
Mu ƙanwarta muka sani a gida,
mai kirari, kainuwa dashen Allah.
Wannan dashen wa? An ce don ado aka kawo ta,
ta raina tukunya, ta kama yaɗuwa.

Ran nan rediyo ya ce an ware kuɗi.
Talle ya ƙirga sifili, yatsunsa suka ƙare.
Manya suka zo da rigar ruwa sabuwa fil,
aka yanka kyalle, aka ɗau hoto,
aka sauke inji mai haƙora kamar kada.
Mu ashirin aka ba manjagara,
takalmin roba goma sha ɗaya, sai a yi ta karɓa-karɓa.
Muka shiga har ƙugu muna janyowa.

Kwana tara inji ya yi yana ci.
Na goma bel ya tsinke.
An ce sabo yana hanya.
Yau wata huɗu, ta kewaye shi ta yi masa gado,
a kan haƙoran nasa take hudowa.

Da asuba Kehinde ya ɗaga injin kwalekwale,
yana yankan saiwa daga farfela da wuƙa,
ma'aikata talatin na duban agogo,
wata nas tana ta kiran asibiti,
ruwa kuwa ko motsawa.

Na tambayi Oga Fatai haƙƙinmu.
Ya ce takarda tana Alausa, kan tebur.
Na ce to, sunan unguwar dai namu ne.
Ya yi dariya. Ni ban samu ta yi ba,
ƙafata duk tsagar ruwa, tana ƙaiƙayi da ɗurwa.

Abin da ya shigo aljihuna daga ciyawar nan
na wata mata ne daga Epe, mai saƙar kwando.
Na shanya mata kara a rana,
dami ɗari biyar, a take, ba sa hannu,
ba a ce in dawo Litinin mai zuwa.

Jiya na kira gida.
Yayana Ilu ya ce albishirinka,
kacala ma an ware mata kuɗi bana.
Na ce goro. Na ce ya ruwa?
Ya ce wane ruwa?
Muka yi shiru, katin yana ƙonewa.