Furen Gwaggo Rozalija

Ƙodata ta hagu tana cikin ƙanena Jernej.
Shekara biyu ke nan tana zaman baƙunta.
Safe da yamma yana haɗiyar ƙwaya
don masu gadin jikinsa su runtse ido,
kada su gane baƙuwa ce, su kore ta.

Da ƙanƙara ta toshe hanyar Bohinj,
rana ta koma leƙe kawai take yi ta wuce,
Jernej ya daina magana.
Akwatunan zumarsa suna bayan gida,
bai ƙara kara kunne ya ji guɗarsu ba.
Miya takan huce a gabansa, bai taɓa ta.

Gwaggo Rozalija ta gangaro da sandarta,
kwalba a aljihun riga.
Fure ne rawaya, tana tsinkarsa tsakiyar bazara,
in ka murza shi, ja yake bari a yatsa.
Ta ce, "Shi ya fid da mijina daga ƙunci.
Ganye ne, ɗana. Ganye ba ya faɗa da kowa."
Ni na ɗora tukunyar. Ni na tace. Ni na miƙa.
Ban tambayi kowa ba, na yarda da ita.

Kada in ci amanar tsohuwa: ya yi aiki.
Na ji shi yana fito wajen faskare,
har ya tsokane ni kan gishirin da na cika.
Sai ga ƙafa ta ƙi shiga takalmi.
Sai ga fitsari ya zama ɗigo.
Mota ta kwashe mu zuwa Ljubljana da asuba,
ina riƙe da gefen cikina, wurin da aka yanka
aka ɗauke ta.

Likita Hribar ta duba takardar jini, ta dube shi.
"Ka tsallake ƙwayarka?"
"Ko sau ɗaya."
Na harare shi. Allah ya yafe mini, na zaci ƙarya ce.
"To me kuma kake sha?"
"Ba komai. Sai shayi."
Ta ajiye alƙalami, ta jawo kujerarta.

Ta ce hanta injin niƙa ce.
Duk abin da ka haɗiya, can zai bi layi.
Akwai ma'aikata a ciki masu farfasa magani,
mu kuma da saurin hannunsu muka auna maka ƙwaya.
Furen nan ba guba ba ne. Ɗan kwangila ne.
Kullum yana ɗebo sababbin leburori,
mako biyu, rumfar ta cika maƙil,
ƙwaya na shiga, sun niƙe ta, sun share,
ba ta kai ga masu gadi ba.
Su ko suka farka, suka ga baƙuwa a ɗaki.
Ruwan garehul kuma, ta ce, akasin haka yake yi:
ya ɗaure hannun ma'aikatan,
magani ya taru, ya yi ambaliya.
Ba a ƙara, ba a ragewa a ɓoye,
don awo ɗaya ake yi da hanta.

Kwana goma sha ɗaya. Ƙodar ta tsira,
da ɗan tabo, kamar mai ita.

Ni aka bar wa hawan tudu.
Na tarar da gwaggo tana ɗaure dami a rufin ɗaki.
Ta saurara har ƙarshe, ba ta zauna ba.
"Shekara sittin ina ba mutane," ta ce.
Sai can: "A da babu mai yawo da ƙodar wani."

Ba ta zubar da kwalbar ba, ban kuma ce ta zubar ba.
Amma ranar Lahadi na ji matar maƙeri a ƙofa
tana neman abin rashin barci,
gwaggo ta tsaya, hannu a kan murfi:
"Tukuna. Me asibiti suka ba ki?
Je ki kawo kwalin in gani,
ki biya ta kantin magani ki tambayo,
kafin in buɗe ta."