Jigon Kaka Barmo

Ran Laraba Malam Sada ya cika allo,
Alli na ƙara, mu muna ta kallo,
Wasu na hamma, wasu na tunanin ƙwallo,
Ya ce, "Ku kwafe, gobe sai sassan labari."

Na kwafe tsaf, ban gane ko ɗaya ba,
Jigo, zubi, salo, ban san gabansu ba,
Aka tashi, ban kama hanyar gida ba,
Na miƙe lambun kakana, bayan Ƙofar Sauri.

Na iske Barmo tsugune cikin albasa,
Taɓo har gwiwa, hula ajiye a ƙasa,
Ya ce, "Uwale, fuskar nan ba ta wasa,
Wa ya taɓa ki? Zauna, ga tumatir ga gishiri."

Na ce, "Jigo ne, Kaka." Ya fashe da dariya,
Ya nuna itacen da ke tsaye bakin rijiya,
"Wancan? Ya girmi uwarki, mun sha wuya,
Maƙwabta sun sayi inji, ni na ƙi bari.

"Shi ba a cin sa, ba a kai shi kasuwa,
Amma cire shi ki ga lambu na mutuwa,
Kowane fangali a kansa yake rayuwa."
Na rubuta: jigo, mai shayar da labari.

"To, zubi fa?" Ya ɗago guga ya tuttula,
Ruwa ya bi hanya, ya sha kwana ya malala,
"Na farko ya ƙoshi ki toshe, na biyu ki kula,
In kin buɗe su gaba ɗaya kin ɓata tsari."

Bai rufe baki ba sai ga akuyar Tasalla,
Ta tsallake shinge kamar ta makara salla,
Ta faɗa wa latas, ba ko bisimilla,
Na ce a raina: ga tauraruwa, ga wuri.

Kaka ya zabura, ni ma na rufa baya,
Muka yi gabas, ta kalle mu ta juya,
Takalmina ɗaya ya maƙale a ƙaya,
Rikici ke nan, yana haɗuwa kamar hadari.

Can ta dira gaɓar rijiya, ƙafa na rawa,
Dutsen gefe ya motsa, ƙasa na zubawa,
Ba mai ko tari. Ashe ita ce ƙololuwa,
Kamar ka hau Gobarau ka leƙo gari.

Kaka ya yar da sanda, ya tsinko ganye guda,
Ya miƙa a hankali, ba tsawa ba guɗa,
Ta sauko ta bi shi tamkar ɗiyar gida,
Warwara ta zo, igiya ta sami ɗauri.

Tasalla ta iso da gudu tana haki,
"Akuyata akwai kunya, sai ka ce baƙi!"
Ga latas na reto a gefen baki,
Na tsinci kamance kwance cikin kirari.

Kaka ya ce, "Ta cinye mini buhu goma!"
Ganye shida ne, ni na ƙirga ma,
Kambamawa, Malam ya faɗa da ma,
Ashe tsofaffi sun riga littafi nazari.

Da dare muka ba da shi a tsakar gida,
Shi yana ja, yana tsayawa kurɓar kunun gyaɗa,
Ni kuwa ratata, kamar ana kiɗa,
Akuya ɗaya, baki biyu, salo iri-iri.

Washegari Malam ya jujjuya takardata,
Da shaidar yatsan taɓo a kusurwarta,
Ya ce, "Lokaci fa? Shi kika manta.
Bakwai cikin goma. Da safe ne, ko da azahari?"

Abu ɗaya har yau muke musu da Kaka,
Jigon labarin. Na ce: lallashi ya fi duka.
Shi ya ce, "A'a. Jigon shi ne: gyara shingenka."
Ya juya ya ja guga, ruwa ya bi kwari.