Turmin Iya Hantsi

Kawu Barmo ya ce mu fita tun raɓa ba ta bushe ba,
tun rana ba ta leƙo ta bayan Tsafe ba.
Shi da lauje a kafaɗa,
ni da gorar ruwa
da takalmin da Gusau kaɗai ya sani.

Muka bar dawa tana sunkuyar da kai,
muka bar maiwa da 'yan korar tsuntsu,
hanya ta rame, ta rame,
har ta koma sawun akuya.
Daga nan sai gamba.
Gamba ta fi ni tsawo, ta fi kawu,
tana shafa mini fuska da jiƙaƙƙen hannu
kamar gwaggon da ta daɗe ba ta gan ni ba.
Ƙarangiya kuwa ba ta gaisuwa,
riƙe wando take, sai an biya.

Fakara ta tashi fir daga ƙafata,
zuciyata ta bi ta.
Kawu ya yi dariya har da tari:
"Ɗan boko, tsuntsuwa ta, ba kura ba."

Tudun nan ba ya gaggawa.
Ka ce ka iso, ya ƙaro maka wani doro.
Gwiwa ta fara lissafin shekaruna,
tsohon da ya ninka ni
yana gaba, yana tauna taura.

A ƙarƙashin wata kuka ya tsaya.
Ya sa lauje ya buɗe ciyawa
kamar mai buɗe adakar uwarsa.
Ga duwatsu a jere, tsawon gwiwa.
"Ganuwa ce," in ji shi.
Ga tsingaro mai zanen farce.
Ga baƙin kashin tama, mai nauyi a tafi,
inda zugazugi ya taɓa numfashi.
Ni da na zo kallon ciyawa,
ashe tsakar gidan mutane nake takawa
ban yi sallama ba.

Ya daɗe yana laluben falalen dutse,
yana ƙirga taku daga kukar, yana ɓata, yana sakewa,
sai ya durƙusa.
Rami ne, zurfin kamu guda, sumul kamar cikin ƙwarya.
"Turmin Iya Hantsi, kakar kakata.
A nan ta daka, tana goye, tana duban kwari,
ko ƙurar mahara za ta taso."
Yau ruwan sama ne a ciki
da 'ya'yan kwaɗi bakwai.
Na ƙirga.

Muka zauna. Iska ta bi ta kan gamba
tudu duka ya kwanta, ya tashi, ya kwanta.
Can ƙasa rufin kwano na ƙyalli,
korama ta lanƙwashe kamar zaren da ya faɗi daga mazari,
motar kan kwalta ba ta fi ƙwaro ba.
Shaho yana ƙasa da mu.
Ban taɓa ganin bayan shaho ba sai ranar.

"Tsoro ya hawo da su," in ji kawu,
"kwanciyar hankali ta saukar da su.
Suka bi ruwa, suka bi kasuwa,
suka bar wa rema ɗakuna."
Ya yi shiru, ya dubi dajin yamma,
ya daɗe yana dubansa.
Ban tambaye shi ba.
Na san shekara nawa lauje bai hawo nan ba,
na san dalilin da zanar gidansa ta ruɓe bai sake ba.

Ya yanki gamba dami ɗaya, ya ɗaure da kalgo.
"Tashi, kada la'asar ta same mu a sama."

Na sa tsingaro guda a aljihu.
Da muka kai kukar na ciro shi,
na mayar inda na gan shi.
Kawu bai waiwayo ba,
damin ne kawai ke tafiya a gabana,
yana rausaya, yana gangarawa gida.