Rigar Dalma

A Montana, inda sanyi ke cizon ƙarfe,
kakana Orval Brekke ba ya barin harsashi ya fita tsirara.
Ya ce dalma ba ta da kunya:
in ta bi bututu ba riga
sai ta goge jikinta a bango,
ta bar ka ka kwana kana kankara.

Bayan an kai shanu kasuwa
yakan hura murhu a rumfar baya.
Dalma ashirin, kuza ɗaya.
Ludayi, mazubi, ƙwanƙwasa,
sai ga su suna faɗowa kan tsohon bargo,
kowanne ya kai babban yatsana,
sumul, da zafin da ido ba ya gani.

Aikina yanka.
Ma'aunin tagulla mai gefe a karkace
nake ɗorawa a takarda, in bi da reza.
Shi ya lasa, wai yawu ya fi ruwa sanin aiki,
ya shimfiɗa a katako, ya mirgina:
zagaye ɗaya, zagaye biyu,
baki ya taɓa baki, kada wani ya hau wani.
Ya murɗe jela, ya cusa a gindi.
Kafin gari ya waye ta bushe, ta ɗame
kamar fatar ganga.

Ba kowace takarda ba.
Ta jarida raguwa ce.
Sai mai auduga, siririya, mai amo in an kaɗa,
kuma masu yin ta sun rufe tun ban yi wayo ba.

Shekara ta uku da fari
banki ya fara aiko da wasiƙu.
Ta farko, bai ko karanta ba.
Ya ɗaga ta ga hasken taga,
ya murza, ya kaɗa ta kusa da kunne,
ya ce, "Signe, ɗauko reza.
Mutanen nan ba su da imani, amma sun san takarda."

Haka muka ɗinka wa dalma riga da bashi.
A ƙugun wani harsashi ana karanta "wa'adi",
a na kusa da shi, rabin sa hannun manaja.

Ran Lahadi da yamma
ga faifan garma rataye can, yadi ɗari biyar.
Ya kwanta, ya ɗora bindiga kan sanduna biyu a gicciye,
ya ja numfashi, ya saki rabi.
Tsawa. Hayaƙi mai warin baragurbi.
Ita rigar ba ta zuwa ko'ina,
a bakin bindiga take yagewa,
ta sauko sannu, fari-fari, kan busasshiyar ciyawa.
Sai ka ƙirga, ɗaya, biyu, uku,
ƙarfe ya amsa daga nesa, ƙwal,
kamar wanda aka tasa daga barci.

Harbi bai biya bashi ba.
Filin bakin rafi ya tafi, shanu suka bi.
Ya ce ko ba komai, an ba su amsa.

Kwana uku da binne shi
na sami akwatin sigari a bayan tukunyar dalma.
Harsashi tara a jere, rigunansu sun yi rawaya,
da shuɗiyar tawada mai kwanciya dama,
hannun kakata Ingunn, wadda ban tarar ba.
Na juya ɗaya: "in ƙanƙara ta narke".
Na juya wani: "safarka mai".
Sauran maganar na ciki, a zagaye na farko,
manne da dalma.

Gurbi goma ne a akwatin.

Ban san ranar ba, ban ji ƙarar ba,
ban san wace kalma ta sauko kan ciyawa ba.

Jiya na jiƙa yatsa da yawu,
na kai bakin ɗaya, inda baki ya taɓa baki,
na tsaya.
Ni yanka kawai na iya.

A waje iska na wasa da faifan garma,
sabon mai filin bai damu ya sauke ba.